Ƙanƙarar da Ta Rage a Sama

Talata, 18 Maris 1997, bayan la'asar

Afra ce ta kawo maganar, tana cin ayaba a tsaye a ɗakin girki kamar ba 'yar mutane ba. Ta ce yayanta zai tafi ski, wasan zamiya a kan ƙanƙara, a hutun Afrilu, shi da abokansa na makarantar injiniya da ke Villeurbanne, gefen Lyon. Na ce wane yayan? Ta ce, "Maman, yaya nawa gare ni? Salim mana."

Ita autar gida ce, tana iya kiran sunan yadda ta ga dama. Ni ɗan farina ne, tun ranar suna bakina bai furta shi ba. Babba nake ce masa, shi ma sai ta kama. Haka na ga uwata ta yi da yayana a Damagaram, haka na yi a Belleville, unguwarmu a Paris, shekara ashirin da ɗoriya, ban taɓa jin ya yi mini nauyi ba.

Na ce mata ai ƙanƙara ta narke, dubi bishiyoyi sun fara toho. Ta ce shi ya sa za su can ƙololuwa, inda take kaiwa har Mayu. Ta ciro wata takarda mai hotuna daga jakarta. Turawa sun ɗaure katako biyu a ƙafa suna gangarowa daga dutse, haƙora waje. A ƙasa an rubuta tsawon dutsen, mita dubu biyu da ɗari uku.

Tun yana goye likita ya ja mini kunne a kan sanyi da ƙishirwa, ya ce kuma kada ya wuce mita dubu da ɗari biyar. Mai sikila jininsa ba ya son sama. In iska ta yi ƙaranci jinin sai ya cushe, ya kama ƙashi, in an yi rashin sa'a ya kama ƙirji.

Na ce ta sauke ayabar ta zauna ta ci.

Laraba, 19 Maris, da safe

Na gaya wa maigidana Malam Maazou yana ɗaura agogo zai tafi aiki. Ya ce, "Allah shi tsare." Ya ɗauki jakarsa.

Mutumin da yake wuni yana juya maganar manyan duniya daga wannan harshe zuwa wancan, ya dawo gida ba shi da kalma sai uku.

Alhamis, 20 Maris, azahar

'Yata Nazifa, mai irin ciwonsa, ba dutse ta hau ba. Ruwan wanka ne kawai mai sanyi, a wata fita ta lakwal, makarantarsu, shekara biyu ke nan. Muka tafi asibiti da ita muka dawo ba ita.

Ba zan rubuta wannan ba yau.

Lahadi, 23 Maris, bayan la'asar

Babba ya bugo talho kamar kowace Lahadi. Na shirya magana tun jiya, har na gwada ta a bakina ina goge tukunya. Da na ji muryarsa sai ga abin da ya fito:

"Lahiya lau? Ina karatu? Ina sanyi?"

"Lahiya lau, Maman."

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"To madalla. Ga ƙanwarka."

Afra ta karɓa, suka yi ta ɓarin Faransanci suna dariya. Na tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu ina tsintar kalmomi. Na ji nej, wato ƙanƙara, na ji mota, na ji sunan wata Leïla sau biyu. Da ta ajiye na ce, kin gaya masa ban so? Ta ce, "Ke mi ya hana ki gaya mishi? Yanzu hwa kika riƙe talhon."

Yaran nan da aka haifa a nan sun ɗauka baki famfo ne, ka murɗa kawai ya zuba.

Talata, 25 Maris, bayan na taso daga aiki

Na gama raba wa yaran lakwal abincin rana, maimakon in sauka metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai na shiga ofishin masu shirya tafiye-tafiye da ke kan hanyarmu. Na ajiye takardar Afra a gaban matar. Ta dube ni, ta dubi ɗankwalina, ta yi murmushi ta ce madam za ta fara koyon ski ke nan? Na ce eh, ni da kakata. Ba ta gane ba'a ba ce, ta ce akwai ragi ga tsofaffi.

Ta yaba mini wurin ƙwarai. Ƙarshen lokacin sanyi ya fi daɗi, rana na haskawa, mutane sun ragu, ƙanƙara da safe tauri da rana laushi. Na bar ta ta gama, sannan na ce asibiti fa? Ta ce akwai likita a can sama, gwani ne wajen karaya. Na ce babban asibiti nake nufi, mai jini. Ta duba, ta ce sai an sauko kwari, tafiyar sa'a guda a hanya mai lanƙwasa, in ba a rufe ta ba.

Na yi godiya. A hanya na zauna a bencin jiran bas har bas biyu suka wuce.

Laraba, 26 Maris

Bai tafi ba tukuna.

Juma'a, 28 Maris, da hantsi

Ban san me ke damuna ba. Na je kasuwar Belleville sayen kuɓewa na dawo da safar hannu mai gashi a ciki, da dogon wando na ulu irin wanda ake sawa a ƙarƙashi, da hula mai rufe kunne. Na tsaya ina ja-in-ja da Balaraben a kan ko safar tana shan ruwa. Matar da ta rantse ɗanta ba zai tafi ba, ga ta tana haɗa masa kaya.

Na tura su ƙarƙashin gado kada Afra ta gani ta yi mini dariya.

Lahadi, 30 Maris, la'asar

Lahiya lau. Ina karatu. Kana cin abinci. Ga ƙanwarka.

Na ji haushin kaina har na fasa kofi, ba da gangan ba.

Talata, 1 Afrilu, da safe

Na sake yi wa Malam magana, na ce shi uba ne, ya kira shi ya hana. Ya daɗe yana kallon shayinsa. Ya ce, "Rékia, wadda muka tsare ɗin, mun tsare ta?" Ya tashi ya bar shayin.

Na so in jefe shi da cokali. Na so kuma in bi shi in riƙe rigarsa. Ban yi ko ɗaya ba, na wanke kofin.

Alhamis, 3 Afrilu, azahar

A gida wannan ba abin wahala ba ne. In uwa tana da magana da ɗan farinta sai ta aika gwaggonsa, ko kawunsa, ko wani babban aboki mai hankali. A faɗa masa a gefe, ya ji, ba wanda ya kalli idon wani. Nan ina gwaggo? Gwaggonninsa suna Damagaram, in ka ce musu ski sai su ce Allah ya ba shi lafiya.

Sai Youssouf ya faɗo mini a rai. Ɗan Maradi ne, ya zo karatu makarantarsu, ya girme shi da shekara uku ko huɗu. Bara ya yi mana ƙaramar salla a nan, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ci tuwo da hannu. Afra ta ce yana cikin masu tafiyar.

Juma'a, 4 Afrilu, bayan an sauko masallaci

Na samu lambar gidan ɗalibansu. Talhon a baranda yake, sai da wani ya je ya ƙwanƙwasa masa.

"Tanti! Ina wuni? Ina gida, ina su Baba, ina Afra?"

Muka gaisa sosai, har na ji kamar ina gida. Sannan na ce, "Youssouf, ɗana, aike za ni yi maka wurin ɗan'uwanka." Na faɗa masa ciwon da sunansa. Na faɗa masa abin da sama take yi wa mai shi. Har Nazifa na ambata, abin da ban yi da kowa ba.

Ya ce, "Wallahi Tanti bai taɓa hwaɗa muna ba. Ko da wasa."

Na ce, "Ka ja shi gehe ka yi mishi magana, kai da shi."

"Ki bar shi a hannuna. In sha Allahu ba shi zuwa."

Yau na ci abinci har na ƙara.

Lahadi, 6 Afrilu, magariba ta kusa

Talho bai yi ƙara ba. Na ɗaga sau biyu in ji ko layin ya mutu. Lafiyarsa lau.

Litinin, 7 Afrilu, la'asar

Afra ta dawo daga lakwal ta jefar da jaka a tsakar ɗaki. Ta ce ta kira Babba daga akwatin talho na titi. Abin da Youssouf ya yi shi ne, ya tara abokan duka a ɗakinsa, har da yarinyar nan Leïla, ya zaunar da Babba a tsakiya kamar mai laifi, ya bayyana musu komai. Wai don su taru su ba shi haƙuri. Yarinyar ta yi kuka. Mai motar ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyin ba. Suka ce za su kawo masa hotuna.

"Shekara biyu, Maman! Shekara biyu yana ɓoyo. Can ne kawai ba a ce mishi sannu in ya yi tari. Can ne kawai ba mai ciwo ba ne. C'est fini, kin ƙare mishi shi."

Na ce ba haka na aika ba. Ta ce, "To mi ya sa kika aika?"

Na ce ta bar gabana kafin raina ya ɓaci. Ya riga ya ɓaci.

Talata, 8 Afrilu, da safe

Ya yi fushi. To, ya yi. Mai rai ne yake fushi. Zan iya zama da fushinsa har in mutu, in dai yana can ɗakinsa yana shan ruwa yana karatu.

Alhamis, 10 Afrilu

Zan iya.

Lahadi, 13 Afrilu, la'asar

Bai bugo ba. Na sa Afra ta kira gidan ɗaliban, aka ƙwanƙwasa, aka dawo aka ce ya ce ba ya nan.

Malam yana zaune da jarida bai juya shafi ba. Muna ɗaki ɗaya mu uku, kowa yana sauraron abu ɗaya. Maƙwabciyarmu ta sama tana jan kujera. Na tsani matar nan yau ba dalili.

Juma'a, 18 Afrilu, ranar layya, azahar

Malam ya karɓo naman daga mahauci, na soya, gidan ya cika da ƙamshi da baƙi. Kowa ya shigo sai ya ce ina injiniya? Na ce karatu ya riƙe shi. Na faɗa har bakina ya saba.

Na ware masa nasa a kwano, wajen haƙarƙari da yake so, na rufe na sa a firiji. Wata baƙuwa ta buɗe tana neman ruwan sanyi, na ce ta bar wannan, da murya da ta fi ƙarfin maganar. Na ba ta haƙuri daga baya.

Gobe ne abokan za su tashi. Ya zauna shi kaɗai a wannan dogon ginin, kowa ya tafi hutu. Na san da ciwo. Amma gobe in rana ta faɗi zan yi barci.

Asabar, 19 Afrilu, bayan la'asar

Ya tafi.

Asabar, magariba

Afra ya kira, ba ni ba. Daga gar, tashar jirgin ƙasa. Ya ce kada ta faɗa, ta yi ta riƙewa har ta kasa, ta same ni ina ninke kaya ta fashe da kuka. Bai bi abokan ba. Jirgin ƙasa ya hau shi kaɗai, daga nan kar, doguwar motar fasinja, ta hau da shi. Ya kama gado a wani masaukin matasa a can ƙololuwa, inda ba wanda ya san shi, ba wanda ya san abin da ke jininsa.

Malam ya buɗe baki, na ce in ka ce Allah shi tsare zan yi ihu. Ya rufe.

Na jawo kayan nan daga ƙarƙashin gado. Ko safar hannu ban san yana da ita ba.

Litinin, 21 Afrilu, Lyon, azahar

Jiya na wuni ina kiran masaukin. Sau ɗaya aka ɗauka, wani ya ce duk suna waje, kiɗa na tashi a bayansa. Yau da asuba na hau jirgi. Malam ya raka ni gar, ya riƙe mini jaka har bakin ƙofa, ya ce, "Ki dawo min da shi."

Youssouf ya tarye ni a tashar Part-Dieu. Shi ma bai tafi ba, ya ce ba zai iya ba. Ya rame. Muka zauna jiran jirgi na biyu, yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa ba ni da ƙarfin yi masa faɗa. Sai ya ce:

"Abin da ya hi damuna, Tanti, ai da ba can sama za mu kwana ba."

Na ce me?

"Gidan da muka kama ƙasa yake, cikin kwari. Salim ne ya nace. Muka yi ta yi mishi tsiya, muna cewa tsoho. Shi ya ce a tahi da mota, a hau da hantsi in rana ta yi zahi, a sauko kahin la'asar. Bayan abin ya hwaru ya ce min ya je ya ga likitarshi tun Fabrairu, ta ce ba ta so, amma in ya zama dole to haka za a yi, ta rubuta mishi magani. Yanzu da ba mota, dole ya kwana sama."

Ya ci gaba da magana, ban ji sauran ba.

Tun Fabrairu. Yaron ya zauna ya auna komai, ya je wurin likita da ƙafarsa, ya shanye tsiyar abokai don ya kwana a ƙasa. Ni ina Paris ina kallon hoton takarda. Lahadi biyu na riƙe talho yana ɗaya gefen, ina tambayarsa ko yana cin abinci.

Litinin, cikin kar, la'asar

Hanyar tana ta nannaɗewa. A ƙasa ciyawa kore da shanu, can sai fari ya fara a gefen hanya, datti-datti. Kunnuwana sun toshe. Duk motar ni kaɗai ce mai zane, wata yarinya tana ta leƙena ta bayan kujera. Kaina yana sarawa, ni da nake da lafiya.

Talata, 22 Afrilu, da hantsi, asibitin kwari

Zan rubuta yadda ya faru don hannuna ya samu abin yi.

Mai masaukin ya ce, a'a, dogon yaron nan? Yana ɗaki tun jiya da rana, mura ce ta kama shi. Ɗakin gado shida ne, kayan mutane ko'ina, warin jiƙaƙƙen takalmi. Yana gadon ƙasa ya dunƙule da rigar sanyinsa a jiki. Leɓensa ya yi toka. Numfashin gajere-gajere, irin wanda na sani. Na san shi sarai.

Ya buɗe ido ya gan ni. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Kin zo da zane."

Na koma wurin mai masaukin na faɗi sunan ciwon da Faransanci da ƙarfi, a gaban duk wanda ke wurin. Likitan ya zo da sauri, ya sa masa abin shaƙar iska, ya ɗaura ruwa, ya ce sai ƙasa yanzu-yanzu.

A cikin ambilans na zauna a gefensa. Na sa masa safar hannun, ta yi masa daidai. Muna ta gangarowa, motar na karkata, ina kallon robar ruwan tana lilo don kada in kalle shi. Ya janye abin fuskar.

"Maman."

"Mayar da abin nan."

"Ki tambaye ni."

"Mi?"

"Ko mi."

Na rasa. Shekara ashirin da ɗaya, na rasa abin da zan tambayi ɗana. Daga ƙarshe na ce, "Ka hau?"

"Sau guda. Jiya da sahe. Wajen yara ne, ba tsawo."

"Ka hwaɗi?"

"Ban hwaɗi ba." Har ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

"Yaya abin yake?"

Ya rufe ido, na ɗauka ya tafi barci. Sai ya ce, "Ba ka jin jikinka. Tun daga sama har ƙasa ban tuna ina da jini ba."

Ma'aikacin ya mayar masa da abin fuskar, ya ce madam a bar shi ya huta. Ina da wata tambayar a bakina, na ajiye ta sai anjima.

Laraba, 23 Afrilu, Lyon, azahar

Sun maido shi nan, babban asibiti. Ƙirjin ne. An ƙara masa jini. An sa shi barci, na'ura ce take yi masa numfashi. Ana barina in shiga kaɗan, da riga ta roba da abin rufe baki.

Youssouf yana baranda tun safe. Yarinyar nan Leïla ma ta sauko daga dutsen, ta zo da jan hanci. Ta gaishe ni da Faransanci. Kyakkyawa ce. Na matsa mata a benci.

Alhamis, 24 Afrilu, da safe

Ba canji.

Alhamis, bayan azahar

Likitar ta kira ni wani ƙaramin ɗaki mai kujera biyu, ta rufe ƙofa. Ta zauna kusa da ni, ba a bayan tebur ba. Ta tambaya ko mahaifinsa yana Paris. Na ce zai zo Asabar in ya samu izini a wurin aiki. Ta ce in kira shi ya taho yau. Ta ce ya zo da ƙanwar.

Akwatin talhon yana ƙarshen baranda. Na sa katin, na ɗaga. Na tsaya har wani mutum a bayana ya yi gyaran murya, na ba shi wuri na dawo benci.

Na manta lambar gidana.